Martani: Tumbi Ba Ya Zubewa Ta Inda Aka Matsa Shi

Makonnin baya wani marubuci ya fitar da dogon rubutu a kan yadda namiji ko mace za su rabu da tumbi cikin wata guda, har tsokar ciki ta fito ɓaro-ɓaro, irin wadda samari ke kira sikis-fak. Rubutun ya yi farin jini, an yi ta tura shi daga waya zuwa waya, kuma tun daga lokacin mutane da dama suka ɗauke shi tamkar takardar likita. Abin da wannan Malam ya ce a yi shi ne: a kwanta rigingine ana tasowa ana komawa sau ɗaruruwa safe da yamma, a ɗaure ciki da bel na roba domin gumi ya narkar da kitse, a sha ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe sannan a bi shi da shayin rage tumbi da dare, a kuma yi ban kwana da tuwo da shinkafa kwata-kwata.

Akwai inda na yarda da shi, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Ya ce tumbi ba alamar hutu ba ne, ba kuma shaidar arziki ba, kuma ya yi gaskiya. Mun daɗe muna yi wa mai tumbi kirari da cewa Alhaji ya ajiye teɓa, naira ta zauna, alhali sau da yawa abin da ya zauna shi ne hawan jini da ciwon suga. Duk wanda ya taɓa wannan tunani ya cancanci yabo. Amma kyakkyawar niyya ba ta gyara gurguwar shawara, kuma hanyar da Malam ya nuna ba ta kaiwa inda ya ce za ta kai. Wani ɓangarenta ɓata lokaci ne kawai, wani ɓangaren kuwa yana iya kwantar da mutum a asibiti.

Tushen kuskuren shi ne zaton cewa tsokar da aka wahalar tana cin kitsen da ke maƙwabtaka da ita. Jiki ba haka yake aiki ba. Kitse ajiya ce. Idan abin da mutum ya ci bai kai abin da jikinsa ya ƙona ba, saƙo yakan bi jini ya isa ga ƙwayoyin kitse na ko'ina, na ciki da na cinya da na baya da na kumatu, su saki abin da suka tara ya shiga jini, tsoka kuma ta ɗauka daga jinin. Tsokar ciki ba ta da wata ƙofa ta musamman da ke buɗewa zuwa teɓar da ta lulluɓe ta. Ko ta wane gefen randa ka ɗebi ruwa, gaba ɗayansa yake sauka. Wurin da kitse ke fara tafiya da wurin da yake jinkiri kuwa, gado ne da jinsi da shekaru ke yanke hukuncinsa. Shi ya sa yawancin maza suke tarawa a ciki, yawancin mata a ƙugu da cinya, sai bayan al'ada ta ɗauke ajiyar tasu ta fara komawa ciki.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada an gani. A 1971 wasu likitoci a Kalifoniya suka auna hannayen ƴan wasan tanis, mutanen da suka shekara da shekaru suna wahalar da hannu guda. Hannun wasan ya fi ɗayan kauri saboda tsoka, amma kitsen da ke ƙarƙashin fatar hannayen biyu bai bambanta ba. A 1984, a Jami'ar Masacusets, an sa maza 13 suka yi wannan kwanta-tashi da Malam yake yabo har sau 5,004 cikin kwana 27. Da aka duba, ƙwayoyin kitsen cikinsu ba su fi na bayansu da na ɗuwawunsu raguwa ba. A 2011 wasu masu bincike a Jihar Ilinoyi suka sake gwadawa da mutum 24: mako shida ana motsa tsokar ciki kwana biyar a kowane mako, ba tare da an rage abinci ba. Tsokar ta ƙara juriya, amma faɗin ƙugu da kitsen ciki suna nan yadda suke. To idan sau dubu biyar bai zaɓi tumbi ya rage ba, me Malam ya dogara da shi da ya yi wa mutane alkawarin wata guda?

Lissafin ma bai goyi bayansa ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Minti goma na kwanta-tashi, komai ƙwazon mai yin sa, ba zai ƙona kalori 100 ba. Kwalbar lemo guda ta rabin lita tana mayar da kimanin 200. Ke nan wanda ya sha wahala a kan tabarma da asuba, ya kora abincin rana da lemo mai sanyi, ya mayar da ninkin abin da ya ƙona kafin la'asar. Ban ce motsa tsokar ciki ba shi da amfani ba. Yana ƙarfafa tsakiyar jiki, yana taimaka wa mai ɗaukar kaya da mai yawan tsayuwa. Sai dai mai babban tumbi da ya shekara bai motsa ba, idan ya afka wa ɗaruruwan kwanta-tashi rana ɗaya yana fizgar wuyansa da hannu, abin da zai fara samu shi ne ciwon baya da ciwon wuya, daga nan kuma ya yi fushi ya watsar da komai.

Maganar bel ba ta bukatar dogon bayani. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, ba narkakken kitse ba. A 2014 wasu masana biyu a Ostareliya suka wallafa lissafin inda kitse yake tafiya idan mutum ya rame: daga kilo 10, kilo 8.4 yana fita ne ta numfashi a matsayin iskar kabon, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa. Wato huhu ne babbar ƙofar fitarsa, ba fatar ciki ba. Wanda ya kwance bel ya ga ciki ya lafe, matsi ne da rashin ruwa, kuma kofi biyu na ruwa sun isa su mayar da shi. A garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ce wa mutum ya naɗe jikinsa da roba ko leda ya fita gudu, jefa shi ne cikin haɗarin jiri da suma da wahalar da ƙoda.

Ruwan ɗumi da lemon tsami ba ya cutar da mai lafiya, ba ya kuma narkar da komai. Idan ya maye gurbin shayi mai kauri da aka zuba wa suga cokali huɗu da madarar gwangwani, to ya yi amfani, amma amfanin na sugan da aka bari ne. Shayin rage tumbi kuwa wata magana ce daban, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ganyen filasko ne a ciki, ko wani abu mai aiki irin nasa. Kowace tsohuwa a gidajenmu ta san filasko na wankin ciki ne. Mutum zai kwana yana zarya bayan gida, gari ya waye ya hau sikeli ya ga ya sauka, ya ɗauka magani ya ci. Abin da ya fita ruwa ne da bahaya da gishirin da zuciya ke bukata don ta buga daidai. Abincin da ya ci kuwa ƙaramin hanji ya riga ya tsotse shi kafin ya iso inda filasko ke aiki. Wasu haɗin ma sun fi haka muni, domin hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla, a ciki an ɓoye sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 da suka sha wani haɗin ganye na rage ƙiba ƙodarsu ta lalace, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe. Mai son ya ce ai nasa yana da lambar hukumar NAFDAC, ya juya kwalin ya karanta: a kan magungunan gargajiya akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance ikirarin warkarwar da aka yi ba. Marubucin da dubban mutane ke karantawa bai kamata ya tura su ga abin da shi kansa bai san me ke cikinsa ba.

Yanzu mu zo kan tuwo, domin a nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. Ina roƙon Malam ya je ya tsaya a filin dambe ko na kokawa, ko ya dubi masu dako a Kasuwar Singa da Dawanau, ko maƙera, ko manomi a tsakiyar damina. Waɗannan su ne masu tsokar cikin da samarinmu ke biyan kuɗi a gidan motsa jiki don su samu. Me suke ci? Tuwon dawa da miyar kuka, fura, ɗanwake, shinkafa da wake. Kakanninmu sun rayu a kan gero da dawa ƙarni bayan ƙarni, kuma tumbi bai zama ruwan dare ba sai a zamaninmu. Idan abu ya daɗe tare da mu cutar ba ta zo ba, sai daga baya ta zo, hankali ya ce a nemi abin da ya sauya.

Abin da ya sauya a fili yake. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yakan fito daga gida ya shiga mota ko A Daidaita Sahu, ya sauka a bakin shago, ya zauna tun hantsi har magariba, ba ya tashi sai salla. Ma'aikacin ofis haka, direba haka, tela haka. Karin kumallo shayi ne da burodi da bota. Da rana a kawo shinkafa tana ninƙaya a cikin mai, a kora da lemon kwalba. Da la'asar fanke ko cincin. Bayan isha a biya wurin mai shayi a ci Indomie biyu da soyayyen ƙwai, ko a tsaya wurin mai balangu a ce ya sa kitse, sannan a isa gida a tarar da tuwon da uwargida ta ajiye, a ci don kada a ɓata mata rai, a kwanta. A cikin wannan jeri duka, tuwon nan shi ne mafi ƙarancin laifi.

Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na hatsi da na suga 4. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja kimanin kalori 120 ne, kuma kowa ya san ba da cokali ake zuba wa garau-garau mai ba. Suga kuwa ya shiga ko'ina: a koko, a kunun gyaɗa, a zoɓo, a kunun aya, har furar da a da ake damawa da nono kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, kuma ya fi kyau ya tsaya a wajen giram 25, wato ƙananan cokula shida. Kwalbar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana da kimanin giram 50. Gwamnatin Nijeriya da kanta ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021. Rubutun Malam ya yi sakin layi uku a kan tuwo, lemon kwalba kuwa ko ambatonsa bai yi ba.

Ba ina cewa a ci tuwo ba iyaka ba. Malmala uku da ƙarfe goma na dare ta yi yawa ga wanda ya wuni a zaune, kuma tuwon da aka yi da hatsin da aka surfe tas, ko da farar shinkafa, bai kai na dawa da gero mai ɗan dusa riƙe ciki ba. A rage malmala, a yawaita miya da ganye: zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kabewa. Amma rage abu daban, haramta shi daban. A Jami'ar Istanfod an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage hatsi da dangoginsa, wasu suka rage maiƙo, aka bi su shekara guda. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna ɓangare ɗaya ya rage kimanin kilo 6, ɗayan kimanin kilo 5, bambancin da masu binciken suka ce ba shi da wani nauyi. Abin da ke aiki shi ne tsarin da mutum zai iya zama a kansa. Magidancin da ake tuƙa tuwo a gidansa kullum, aka ce masa ya koma cin nama da ƙwai da kayan lambu zalla a wannan tsadar rayuwa, kwana nawa zai yi? Zai yi mako biyu yana jin jiri, ya koma gidan jiya, kuma ya ɗauka shi ne ya gaza, alhali shawarar ce ba ta dace da tukunyarsa ba.

Akwai kuma abin da rubutun ya rasa gaba ɗaya, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya damƙa da hannu. Akwai kuma na can ciki, bayan tsoka, wanda ke kewaye hanji yana kuma taruwa a hanta. Wannan na biyun shi ne ke sa tumbi ya yi tauri ya turo gaba, kuma shi ne ke da alaƙa ta kusa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Mutum yana iya zama siririn hannu da ƙafa amma yana ɗauke da shi. Abin farin ciki shi ne yana cikin kitsen da ke saurin amsa kira idan aka fara tafiya aka rage ci, tun kafin madubi ya nuna wani abin kirki. A Amurka an bi mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2002. Ga mai kilo 90, wannan kilo shida ne da ɗoriya kawai. A Birtaniya kuma, a 2017, an nuna cewa kusan rabin masu ciwon suga da aka ɗora a kan tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka nemi ya fito da sikis-fak.

Ita wannan tsoka mai gida-gida kowa yana da ita, kitse ne ya rufe ta. Ba ta bayyana sai kitsen jikin namiji ya sauka zuwa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100, kuma yawan gidajenta da tsarinsu halitta ce, wani huɗu, wani shida, wani a karkace. Saurayin da yake so ya kai can, hanyarsa ita ce watanni na ɗaga nauyi da kiyaye ci da isasshen abinci mai gina jiki, ba wata guda ba. Amma sanya wannan a matsayin ma'aunin lafiya ga magidanci ɗan shekara 45 zalunci ne, ga mace kuwa ya fi zama zalunci. Jikin mace yana bukatar kitse fiye da na namiji, kuma wadda ta matsa wa kanta da yunwa har ta ƙanjame, al'adarta tana iya rikicewa ko ta ɗauke. Mai jego kuma sau da yawa ba kitse ne ya turo cikinta ba, tsokar ciki ce ta rabu biyu lokacin goyon ciki, kuma tana bukatar lokaci da motsi mai sauƙi wanda ma'aikacin lafiya ya nuna mata, musamman idan tiyata aka yi. Malam ya haɗa kowa ya ba su umarni guda. Bai ma faɗa wa masu karatu cewa ba kowane babban ciki ne tumbi ba. Cikin da ya girma cikin ɗan lokaci, ko ya zo da kumburin ƙafa, ko rama, ko zubar jini mai yawa ga mace, yana iya zama ruwa daga ciwon hanta ko na zuciya, ko ƙarin mahaifa. Irin wannan asibiti yake nema, kuma kowane mako da aka ɓata ana shan shayi ana ɗaure shi da bel, gaba ciwon yake yi.

Abin da ke aiki ba shi da ƙyalƙyali, shi ya sa ba a tallarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri ta rabin awa bayan sallar asuba, ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ta cika kason farko. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida, kuma surfe da daka da ɗiban ruwa duk motsi ne na gaske. Kaso na biyu ba ya bukatar kuɗin rajista: tsugunna-tashi, turin ƙasa da hannu, ɗaga jarkar ruwa. Manyan tsokokin cinya da baya da ƙirji sun fi ƴar tsokar ciki cin makamashi nesa ba kusa ba. A samu wake ko ƙwai ko kifi ko kindirmo marar suga a yawancin ci, domin su ne ke riƙe yunwa, su kuma hana tsoka zubewa tare da kitse. A yi barci. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Shikago a 2010 ya nuna cewa masu rage ci da suka yi barcin awa biyar da rabi, kitsen da suka zubar bai kai rabin na lokacin da suka yi awa takwas da rabi ba. Kuma a yi haƙuri: rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau, wanda ya fi kilo biyar na gudawa da zai dawo.

Ina kira ga Malam, cikin girmamawa, da ya sake rubutu ya janye maganar shayi da ta bel, domin akwai masu hawan jini da masu ciwon ƙoda da mata masu shayarwa a cikin waɗanda suka karanta shi. Kai kuma mai karatu, ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai saitin cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. Idan awon ya haura rabin tsawonka, misali santimita 85 ga mai tsawon santimita 170, ka je a gwada maka jini da suga a wannan makon, ka ajiye lemon kwalba, gobe da asuba kuma ka fara tafiya.